Zuwa Boɗinga a Sake Auna Luba

Tun da muka dawo daga Boɗinga ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ina zama a bencin mai shayi sai wani ya matso: "Sahabi, ina hanya? Mi likita tac ce?" Wanda ya ji jiya ma yau sai ya sake tambaya, wai farkon ya wuce shi. Kai ka ce Makka na je na dawo, alhali Boɗinga ce, wadda in ka hau mota a Shagari kana ɓarar gyaɗa, kafin ka gama ƙulli biyu an ce ka sauka. To na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku bar ni in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Sahabi mai awo, ina auna gero da dawa a kasuwar Shagari tun ban fara gemu ba. Ƙanwata Kulu tana aure a Horo Birni, mijinta yana kudu wajen neman abinci, don haka duk abin da ya taso a gidan ni ake aiko wa. 'Yarta ta fari ita ce Luba, shekararta tara, kuma saboda ita muka yi tafiyar.

Luba ta riga tsararrakinta buɗe baki. Tana da shekara uku take maimaita sanarwar rediyo kaf, har da tarin mai sanarwar. Ba ta kallon idon mutum, mu kuwa muka ce ladabi ne, har ana nuna wa sauran yara ita. Ba ta shiga wasan 'yan mata. In ka ba ta gero da dawa a gauraye, za ta wuni tana ware su ƙwaya-ƙwaya tana jerawa. Abin da ba ta iya ɗauka shi ne ƙara. A makarantarsu akwai wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a dogonyaro, daidai tagar ajinsu, shi ne ƙararrawa. Da an buga shi sai ta toshe kunne ta fita da gudu, ba ta tsayawa sai gida. A dawo da ita, a zane ta. Gobe a buga ƙarfe, ta gudu, a sake zane ta.

Rannan hedimasta ya aiko kirana. Ya ce, "Malam Sahabi, kai da kanka kak kawo min takardar asibiti cewa lahiyarta lau. To yaro mai lahiya in shina gudu daga aji kullum, mi as sunan wanga in ba taurin kai ba? Ran Litinin, in babu wani bayani, ku riƙe ta gida."

Gaskiyarsa, ni na kai takardar. Shekara biyar da suka wuce mun kai Luba wani asibiti, wani ma'aikaci ya zauna da doguwar takardar tambayoyi. Kun san al'adarmu ta kunyar ɗan fari: uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zancensa gaban mutane. Kulu kuwa a wannan fanni ta fi kakarmu tsanani. Tun da ta haifi Luba ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta, sai "ke", sai "waccan". Ranar ta ja hijabi ta rufe rabin fuska ta zauna bakin ƙofa, ni na amsa tambayoyin. Tana magana? Na ce kamar rediyo. Tana wasa da yara? Lafiya lau. Barci? Lafiya lau. Abinci? Alhamdu lillahi. Yo ɗiya mace ce, in zauna in tona mata asiri gaban baƙo? Mutumin ya ce tunda tana magana ba abin da ake tsoro ba ne, ya buga hatimi. Na kai wa hedimasta takardar ina taƙama. Ita ce ta zame masa lasisin bulala.

Sai muka ji akwai wata likitar yara da ke zuwa Boɗinga daga Sakkwato lokaci-lokaci, tana yin kwana biyu, kuma irin waɗannan yara take dubawa. Na naɗe tsohuwar takardar a leda na sa a aljihu, muka shirya ranar Laraba.

Daga Horo Birni zuwa bakin titi sai kabu-kabu. Muka tsayar da biyu, ni ɗaya, Kulu da Luba ɗaya. Kulu ta raɗa mini, "Yaya, ce mishi kar shi danna hon." Na faɗa wa mai mashin ɗinsu, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya dube ni ya ce, "Mashin ba hon? Ai ka ɗaure min baki ke nan." Amma ya yarda. Ƙarshen damina ne, hanya duk shanu da awaki, sai ga dattijon nan yana tafe yana roƙon dabbobi da baki: "Gahwara dai! Hanya, bayin Allah!" Wata saniya ta tsaya tsakiyar hanya tana kallonsa, ya yi mata sallama har sau uku. Nawa direban dariya ta kama shi, ya saki hanya, muka kwanta cikin taɓo ni da shi. Farar rigata ta zuwa asibiti ta koma ruwan ƙasa daga kafaɗa zuwa gwiwa.

A tashar Shagari muka sami bas. An ce mutum goma sha huɗu take ɗauka, amma direban yana da tasa fahimtar. Aka cusa mu, aka cusa raguna biyu ƙarƙashin kujerar baya, aka rufe su da buhu. Luba ta sami gefen taga, ta manna goshi a gilashi ta yi shiru, har na fara cewa a raina tafiyar nan za ta yi sauƙi.

Kafin a shiga ƙasar Boɗinga akwai shinge, gungumen icce mai ƙusoshi a gicciye, wanda mu dai shi ne iyakarmu da su. Wani mai kaki ya leƙo ya ce, "Direba, mutum nawa?" Direba ya ce, "Sha huɗu, ranka shi daɗe." Sai ga muryar Luba, tsaf, irin ta mai karanta labarai: "Ba sha huɗu ba na. Mu goma sha tara na, da rago biyu ƙarƙashin kujera." Kamar an haɗa baki da shi, ɗaya ragon ya yi kuka.

Mai kaki ya ce mutum biyar su sauka. Direba ya waiwayo ya nuna ni da farko, ya ce, "Kai da kaz zo da ita." Muka sauka mu biyar, muka taka a ƙasa cikin rana, muka wuce shingen muna gaida mai kakin, muka sha kwana, muka iske bas tana jiranmu gindin wata tsamiya kamar yadda kowa ya san za ta yi. Wata tsohuwa a motar ta ce wa Kulu, "Ɗiyagga taki ba ta iya ƙarya ba, sai kun koya mata." Kulu ba ta amsa ba, don amsawa ma zancen 'yar fari ne.

Da taɓo da shinge, sai bayan azahar muka isa. Aka ce katin ranar ya ƙare, mu dawo da safe. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ta zama ta kwana. Na ja su gidan abokina Alhaji Modi, dillalin albasa.

Mutanen Boɗinga kirki gare su, amma Allah ya jarrabe su da albasa. Mu a Shagari in ka gaida mutum sai ka tambayi iyali. Su kuwa kafin a kai ga iyali an tambayi albasa, ta yi ko ba ta yi ba. Miya albasa, kwaɗon zogala albasa, har na duba kofin ruwan da aka kawo mini ko an yanka ta ciki. Ɗakin baƙin Alhaji Modi rabinsa katifa, rabinsa buhuna har rufi.

Luba ta tsaya a zaure ta ƙi gaba. Ta toshe hanci ta nuna wasu buhuna da ke jingine ta ce, "Ukun ga sun ruɓe daga ƙasa." Na ji kamar in nutse. Alhaji ya ce, "Haba ɗiyata, jiya-jiya anka ɗinke su." Ta ce, "Sun ruɓe." Don ya kunyata mu cikin raha ya sa wuƙa ya farke ɗaya, sai ga ruwa baƙi yana bin ƙasa. Ya farke na biyu, haka. Na ukun bai ma taɓa shi ba. Ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Sahabi, mi kunka kawo ta asibiti yi? Ku bar min ita nan, hancinta ya hi na dillalai goma."

Da aka kawo tuwon shinkafa, matar gidan ta kwarara miya a kai don karamci. Luba ta ture kwanon. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga Kulu ta sa hannu a jaka ta fito da hoce a ƙulle cikin tsumma, irin wainar dawar nan tamu, da wani ɗan kofin roba shuɗi da ya sha jiki. Ta ajiye gaban yarinyar ba tare da ta dube ta ba. Luba ta ci, ta sha ruwa a kofinta. Na sha zuwa gidan Kulu, ban taɓa lura da kofin nan ba. Su aka yi musu shimfiɗa a rumfar tsakar gida inda iska ke bugawa, ni aka kai ni wurin buhuna. Na tashi da safe ido jawur, rigata mai taɓo ta ƙara da wari, duk wanda na zauna kusa da shi a layin asibiti sai ya tuna yana da uzuri a wani benci.

Mutum ɗaya ne ya jure zama da ni, Malam Altine daga Kajiji, makiyayi, shi ma hancinsa ya saba da abin da ya fi albasa. Ya zo da ɗansa tun jiya, yau sakamako ya dawo karɓa, kuma ransa a ɓace yake. Ya ce shekarun baya an kai yaron birni, aka ba ciwonsa wani dogon suna na Turawa. "Sai da niy yi wata biyu kahin in iya hwaɗinai. Duk Kajiji ba mai ciwo da suna irin na ɗana. Jiya munka zaka, tac ce wai an hidda sunan daga littahi, an game su duka wuri guda. Yaro na nan yadda shike, suna ya tahi!" Ya faɗa mini sunan har sau biyu don kada ya bi ruwa a banza, ni dai ban riƙe ba. Muna zaune wata mata ta fito tana cewa nata ɗan da an sa shi cikin masu ciwon, yanzu an ce a sabon littafi bai cika sharuɗɗan ba, an tura su wurin masu koyar da magana.

Nan fa jinina na mai awo ya hau. Wannan ai na san shi! Buhu ɗaya, ka auna da kwanon Shagari ka sami wani abu, ka kawo shi Boɗinga a auna da nasu ka sami wani. Wanda duk ya canza kwano tsakiyar ciniki, a kasuwarmu sunansa macuci. Na gyara zama na shirya jawabi.

Aka kira mu. Na zaci zan ga tebur da allura. Sai na ga tabarma, da tarkacen wasan yara, da wata yarinya-yarinya zaune dirshan a ƙasa, wai ita ce likitar. Bakanuwa ce, daga jin "ne" da "ce" ɗinta. Ta gaishe ni da Kawu, ta juya wurin Kulu da fara'a ta ce, "Sannu da zuwa, Maman Luba." Jama'a, a birni wai haka ake girmama mace, a kira ta da sunan ɗanta na fari! Kulu ta ja hijabi har hanci, ta dubi ƙofa kamar mai shirin bin sawun 'yarta.

Na zaro takardata na shimfiɗa, na zuba jawabin kwano tun daga farko har ƙarshe. Likita ta saurara har na gama, ta ce, "Kawu, ba ka yi ƙarya ba, an canza kwanon. Littafin da likitoci ke dubawa a da ya rarraba yaran nan gida-gida, kowane da sunansa, kuma da yawa daga cikinmu wanda ba ya magana kawai muke nema. Yarinya mai magana, mai shiru, mai sunkuyar da kai, sai ta wuce ba a gan ta ba. Sabon ya haɗa su suna ɗaya, kowa da matakinsa, ya kuma sa a riƙa tambaya game da ƙara da wari da abin da ke taɓa jiki. Wasu sun shigo, wasu sun fita. Wata rana ma ana iya sake gyara shi."

Na ce, "To geron fa?"

Ta ce, "Geron shi ne dai na jiya." Ta ɗaga tsohuwar takardar ta karanta. "Amma na ga a nan komai lafiya lau aka ce. Wa ya amsa tambayoyin?"

Na ce zafi ake yi a ɗakin, ko za a buɗe taga.

Ta fara nata tambayoyin. Tana kallon idon mutane? Na ce, "Likita, in rashin kallon ido na ciwon, aiko da tirela Horo Birni, duk ɗan da anka ba tarbiyya shina da shi." Ta yi dariya ta ce shi ya sa ba manya take nufi ba. Ƙannenta fa, da tsararrakinta, tana kallonsu? In ta ga abin da ya burge ta, tana kawowa ta nuna? Na buɗe baki, na ji "lafiya lau" ta taho da kanta, na haɗiye ta. Gaskiya ban sani ba.

Ta juya ga Kulu. "In kin kira sunanta tana waiwayowa?" Kulu ta sunkuyar da kai. Na yi bayanin al'ada. Likita ta ce kakarta ma haka take, har ta rasu ba ta faɗi sunan babanta ba. Sai ta ce, "Kawu, ɗan ba mu wuri." Aka fitar da ni kamar akuyar da ta shiga rumbu. Na zauna a bencin bakin ƙofa, ƙofar kuwa labule ce.

Da farko ban ji komai ba. Can sai muryar Kulu, ƙasa-ƙasa, sannan ta buɗe. Ni da na goya Kulu a bayana ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Ta ce ita ke juya rigar makarantar a sa ta a bai-bai daga ciki, don ɗinkin yana cizon yarinyar. Ta ce ba ta aika niƙa sai ta tabbata "ita" tana can bayan gari wurin kakarta. Ta san hanyar da take bi in ta gudo daga makaranta, takan tsaya a bayan dangar gidan liman ta jira ta, ta bi ta daga nesa har gida, don kada ta faɗa rijiya. Ta faɗi shekarar da aka fara dukan, da inda kowace bulala ta kwanta, da man da take shafa mata in ta yi barci, tunda ido biyu kunya ba ta barinta. Ta ce, "Ran da Yaya yac ce lahiya lau, ina zaune ina ji. Na san ba lahiya ba. Bakina na yaƙ ƙi buɗewa."

Malam Altine ya zo wucewa ya gan ni ina share fuska da hannun riga. Na ce masa albasar Alhaji Modi ce ba ta sake ni ba. Ba albasa ba ce. Kunya ce da baƙin ciki, don shekara biyar ana dukan yarinya da takardar da bakina ya rubuta.

Likita ta zauna da Luba har bayan azahar, suna jera ƙwallaye, tana yi mata tambayoyi tana rubutu. Sannan ta kira mu ta ce abin da take gani shi ake kira otizim, wanda a rediyo suke cewa galahanga. Ba aljanu ba ne, ba taurin kai ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Babu ƙwayar da ke cire shi, amma akwai abubuwa da yawa da za su sauƙaƙa mata, kuma mu dawo in ta sake zuwa. Ta rubuta wa makaranta takarda da Hausa da Turanci: a matsar da ƙarfen, a gaya mata kafin a buga, a daina dukanta.

Dawowa ba abin labari, sai dai direban da muka samu ya ji tarihinmu a tasha, ya ƙirga mu sha huɗu cif kafin ya tayar da mota.

Ran Litinin na sa wankakkiyar riga muka tafi makaranta ni da Luba. Ban ce Kulu ta zo ba, na dai waiwaya na gan ta a bayanmu. Hedimasta yana zaune gindin dogonyaro da malamai uku, bulala a kan tebur, ƙarfen yana rataye bisa kansa. Ya karanta sabuwar takarda, ya jawo tsohuwar daga fayil, ya ajiye su gefe da gefe.

Ya ce, "Malam Sahabi, wagga ta ce lahiya lau, wagga ta ce ba lahiya ba. Duka hatimin asibiti. Duka kai kak kawo su. Wace zan ɗauka?"

Na gyara murya na fara, "Ranka shi daɗe, ka san kwanon awo..."

"Yaya, dakata."

Kulu ce. Ta sauke hijabin daga bakinta, gaban maza huɗu da rabin makaranta da ke leƙe ta taga.

"Malam, bar takardun. Luba ba ta da taurin kai. Ƙarhen ga na ka shiga mata kai kamar ƙusa. Luba ɗiyata ta, ni nih haihe ta, ni nis san ta. Kar a sake bugunta."

Hedimasta ya dubi Kulu, ya dubi bulalar, ya ɗauke ta ya sa ƙarƙashin tebur. Ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen, ya ce wa ɗaya daga malaman a kwance shi a kai can bakin filin ƙwallo, kuma yarinya ta shiga aji.

Luba ba ta shiga ba tukuna. Tana tsaye tana kallon gefen hijabin uwarta, kamar yadda take kallon buhu in tana lissafin abin da ke ciki. Kun san ta, abin da ba ta ji da kunnenta ba ba ta ɗauka akwai shi. Ta kama bakin hijabin da yatsa biyu ta ce, da muryar nan tata ta mai karanta labarai:

"Inna, ashe kin san sunana?"